Mahaifina ya ce kada a jona masa na'ura: wace takarda ce za ta tsare masa maganarsa?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah da mahaifinta ke fama da ciwon daji wanda ya riga ya bazu, ga ƙoda kuma ta fara gazawa. Ya haura shekara saba'in, amma hankalinsa garau yake. Ya sha gaya mata cewa idan abin ya zo ƙarshe ba ya son a jona masa na'urar numfashi. Yayanta kuwa yana ganin a yi duk abin da za a iya yi har numfashi na ƙarshe. Kwanan baya an miƙo musu takarda a asibiti don a sa hannu kafin wani aiki, ta kuma ji ana zancen wasu takardun daban. Tana son sanin bambancinsu, da wadda za ta sa likitoci su bi abin da mahaifinta ya faɗa ranar da ba zai iya maimaitawa da bakinsa ba.

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi. Na daɗe ina aikin likita a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani, kuma irin wannan saɓani tsakanin 'ya'ya na gan shi ya fi a ƙirga. Abin da ya faranta mini rai a tambayarki shi ne lokacin da ta zo. Baba yana magana, yana gane mutane, yana iya riƙe biro. Yawancin iyalai sai wannan dama ta kuɓuce musu suke zuwa da tambaya.

Bari mu fara da takardar da aka miƙo muku, wato takardar amincewa. Ita shaida ce cewa an yi wa mara lafiya bayanin wani aiki guda, ya fahimta, ya kuma yarda ba tare da an matsa masa ba. Muddin Baba yana cikin hankalinsa, shi ne zai sa hannu, ba ke ba, ba yayanki ba. Na sha ganin an tsallake dattijo yana kwance yana kallo, an miƙa wa babban ɗansa takarda a bakin ƙofa, da sunan kada a tayar masa da hankali. Niyyar mai kyau ce, amma an ƙwace masa haƙƙinsa. Tun a 1914 alƙali Benjamin Cardozo na jihar New York ya kafa wannan ƙa'ida a shari'ar wata mata da ta yarda a duba ta kawai bayan an sa ta barci, ta farka ta tarar an yanke mata ƙari daga ciki. Ya ce duk baligi mai hankali shi ke da ikon yanke abin da za a yi da jikinsa. Daga nan ƙa'idar ta yi ta faɗaɗa. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba ƙarar wata mai ciwon sukari, ƙaramar halitta, wadda ba a gaya mata cewa akwai haɗarin kusan kashi 10 cikin 100 kafaɗar jaririnta ta maƙale wajen haihuwa ba. Ta maƙale ɗin kuwa, yaron ya samu naƙasa a ƙwaƙwalwa. Kotun ta ce ma'aunin bayani shi ne abin da mara lafiya zai ɗauka da muhimmanci, ba abin da likita ya ga dama ya faɗa ba.

Saboda haka kafin Baba ya sa hannu a kowace takarda, yana da haƙƙin a gaya masa da harshen da yake ji: mene ne aikin, me ake fatan ya gyara, me zai iya lalacewa, wace hanya ce kuma ban da wannan, sannan me zai faru idan ba a yi komai ba. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, alhali ga mai ciwo irin nasa ita ta fi nauyi. Sa hannu kuma ba ɗaurin gwarmai ba ne. Ko an tura shi har ƙofar ɗakin tiyata, idan ya ce ya fasa, ya fasa. Yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Kotuna a ƙasashe da yawa sun tabbatar da haka, har da Kotun Ƙolin Najeriya a 2001, a shari'ar wani likita da ya mutunta ƙin ƙarin jini da wata mara lafiya ta yi saboda addininta. Inda ake yin aiki ba tare da amincewa ba shi ne halin gaggawa: an kawo mutum a sume, babu wanda ya san ra'ayinsa, jinkiri kuma zai kashe shi. A nan likita zai yi abin ceton rai tukuna. Ki riƙe wannan a ranki, domin shi ne dalilin da ya sa maganar baki ta Baba ba ta isa ba. Likitan da zai karɓe shi ƙarfe uku na dare bai taɓa jin ta ba.

To yaya ake gane mutum yana da hankalin yanke hukunci? Ba a dubawa da shekaru, ba a kuma dubawa da ko hukuncin nasa ya yi wa iyali daɗi. Dokar Ingila da Wales ta 2005 ta zayyana abubuwa huɗu da likitoci a wurare da dama ke amfani da su: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokacin da zai yi tunani, ya auna amfani da illa, ya kuma iya bayyana zaɓinsa ko da da alamar hannu ne. Hankali yana zuwa yana tafiya, musamman ga mai ciwon ƙoda, domin dattin da ke taruwa a jini yana rikita tunani. Mutum zai iya ruɗewa da daddare ya dawo garau da hantsi. Shi ya sa nake ba ki shawara ki roƙi likitansa ya duba shi a ranar da zai rubuta takardunsa, ya kuma rubuta a fayil cewa ya same shi cikin hayyacinsa. Wannan layi ɗaya yana kashe gardamar "ai lokacin ba ya cikin hankalinsa" tun kafin ta taso.

Takarda ta biyu ita ce wadda kike nema kai tsaye. Wasu na kiranta wasiyyar jinya, sai dai kada sunan ya ruɗe ki. Wasiyyar da aka sani ta dukiya ce, kuma sai bayan mutuwa take aiki. Wannan kuwa tana aiki ne mutum yana raye, daga lokacin da ya kasa magana da kansa, kuma babu ruwanta da gado. A cikinta mutum ke rubuta irin maganin da ya ƙi da halin da ya ƙi shi. Wani lauya a Chicago, Luis Kutner, shi ya fito da tunanin a 1969, jihar California kuma ta fara ba ta ƙarfin doka a 1976. A shekarar ce kotun New Jersey ta yarje wa mahaifin Karen Ann Quinlan, wadda ta faɗa doguwar suma tana da shekara 21, a cire mata na'urar numfashi. Shari'ar Nancy Cruzan ce ta nuna wa mutane tsadar rashin rubutu. Ta yi hatsarin mota a 1983 ba ta sake farfaɗowa ba. Iyayenta sun ce sun san ba za ta so a riƙe ta haka ba, amma Kotun Ƙolin Amurka a 1990 ta ce jihar Missouri tana da damar neman hujja bayyananna cewa ra'ayinta ne. Sai da wasu da suka yi aiki da ita suka zo suka ba da shaidar abin da suka ji daga bakinta, sannan aka cire bututun abinci a ƙarshen shekarar. Shekara bakwai iyali suna zarya. A wannan shekarar aka yi dokar da ta wajabta wa asibitocin Amurka masu karɓar kuɗin inshorar gwamnati su tambayi duk wanda suka kwantar ko yana da irin wannan takarda. Faransa ta shigar da takardar cikin dokarta a 2005, Jamus a 2009, Italiya a 2017, Kotun Ƙolin Indiya kuma ta amince da ita a 2018.

Inda irin wannan takarda ke faɗuwa shi ne wajen lafazi. Mutum ya rubuta "kada a wahalar da ni" ko "ba na son na'ura". Wace na'ura? Na'urar numfashi da ake zura wa bututu ta maƙogwaro daban, abin rufe hanci da baki mai tura iska daban, injin wankin ƙoda daban, bututun abinci daban. A wane hali kuma? Idan ciwon huhu ne ya kama shi wanda ake sa ran zai warke cikin kwana biyar ya koma gida, har a nan ma ya ƙi? Babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke a 2016 cewa rubuta "ba na son matakan tsawaita rai" kawai bai isa ya ɗaure likita ba, sai an fayyace. Ni ma a gefen gado abin da na gani ke nan. Don haka Baba ya zauna da likitan da ya san ciwonsa, a bi abubuwan da ake hasashen za su taso ɗaya bayan ɗaya. Ga mai ƙodar da ke gazawa, tambayar wankin ƙoda za ta iya riga ta na'urar numfashi zuwa, kuma wankin ƙoda yawanci sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Ya kamata ya san haka kafin ya ce e ko a'a. Ya kuma rubuta dalilinsa da kalmominsa: me yake tsoro, me ya fi so ya tsira da shi, a ina yake son ya ƙare kwanakinsa. Dalilin shi ke yi wa likita jagora a halin da takardar ba ta hango ba.

Sharuɗɗan ingancinta sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, idan abin da aka ƙi na ceton rai ne, dole ya kasance a rubuce, da sa hannu, da shaida, da jimla bayyananna cewa mutum ya ƙi ko da ransa na cikin haɗari. Wasu wurare suna neman shaidu biyu, wasu suna neman hatimin jami'in rantsuwa, wasu ƙasashen kuma ba su da doka ta musamman a kanta. Ki nemi lauyan da ya san dokar lafiya a inda Baba ke jinya. Ko inda babu doka ta musamman, rubutu mai kwanan wata da shaidu hujja ce mai ƙarfi ta abin da mutum yake so, kuma likita mai mutunci ba zai yi watsi da ita ba. Abu biyu ne ba za ta yi ba. Ba za ta tilasta wa likita ya ba da maganin da ya tabbatar ba shi da amfani ba, ba za ta kuma halatta masa abin da doka ta hana ba. Baba kuma yana iya soke ta ko sauya ta duk ranar da ya ga dama, da baki ma, muddin yana cikin hankalinsa.

Yanzu ga wadda, da za a ce in zaɓa muku ɗaya tak, ita zan zaɓa: takardar naɗa wakili. Da ita mutum ke ambata sunan wanda zai yi magana a madadinsa kan lafiyarsa idan ya kasa. Rubutu ba ya amsa tambaya, ba ya sauraron sabon bayani daga likita, ba ya cewa "a gwada kwana uku mu gani". Mutum ne ke yin wannan. Da yawa suna ɗauka cewa matar aure ko babban ɗa yana da wannan iko kai tsaye. A wasu wurare haka ne, doka ta jera su bi da bi. A Ingila kuwa dangi mafi kusa ba shi da ikon amincewa ko ƙi a madadin baligi sai an naɗa shi a rubuce an yi rajista, in ba haka ba likitoci za su ji ta bakinsa ne kawai su yanke abin da suka ga ya fi. A Jamus sai a 2023 aka ba ma'aurata ikon wakiltar juna a halin gaggawa, shi ma na wata shida kawai. Inda 'ya'ya suke da yawa kuma kansu ya rabu, asibiti ya kan bi wanda ya fi ɗaga murya, ko ya ci gaba da komai don gudun ƙara. Shari'ar Terri Schiavo a Florida misali ce mai ban tausayi: ta faɗi a 1990 tana da shekara 26 ba ta bar rubutu ba, mijinta da iyayenta suka yi ta shari'a har ta rasu a 2005. Ki lura kuma, takardar wakilci kan dukiya da banki ba ta ba mutum iko kan jinya. Takardu biyu ne, ko da mutum ɗaya aka naɗa.

Wa Baba zai naɗa? Shi zai zaɓa, kuma ba lallai babba ba, ba lallai wanda ya fi ƙaunarsa ba. Wanda ake nema shi ne mai iya faɗin abin da Baba yake so ko da zuciyarsa tana son akasin haka, mai samuwa idan an kira, mai iya tsayawa gaban likita da gaban dangi. Ba na mantawa da wata mata da mahaifinta ya naɗa. Ya kwana tara a kan na'ura bayan shanyewar jiki mai tsanani, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba zai dawo ba. Muka zauna a ƙaramin ɗakin da muke ganawa da iyalai, ƙannenta biyu suna kuka suna cewa a ƙara lokaci. Ta ciro takarda daga jakarta, ta ninku har ta fara yagewa a tsakiya, ta shimfiɗa a kan tebur. Ba ta karanta ba. Ta ce, "Da ni za a tambaya, a bar shi ko shekara ce, in riƙa zuwa ina ganin fuskarsa. Amma ba ni aka tambaya ba. Ya zaunar da ni ya gaya mini, na kuma yi masa alkawari." Ƙaramin ya ɗauki takardar, ya ga rubutun hannun mahaifinsu, ya yi shiru. Da yamma suka kira sauran dangi, kowa ya shiga ya yi bankwana. Aikin wakili ke nan. Tambayar da ke gabansa ita ce "me zai ce da zai iya magana", kuma wannan yana sauke masa nauyin jin cewa shi ya yanke wa mahaifinsa kwana.

Akwai ta huɗu, wadda ita likita ne ke rubutawa a fayil bayan ya tattauna da mara lafiya: umarnin kada a yi yunƙurin farfaɗo da zuciya idan ta tsaya. A asibitoci da yawa za ki ji ana kiranta da haruffan DNR. Ya kamata ku san abin da ake nufi da farfaɗowar. Ana danna ƙirji ne ya nutse santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ana zura bututu a maƙogwaro, wani lokaci a buga wutar lantarki. Karyewar haƙarƙari abu ne da aka saba gani, musamman ga tsofaffi. A alƙaluman asibitocin Amurka da Birtaniya, cikin waɗanda zuciyarsu ta tsaya suna kwance a asibiti, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke fita da rai, kuma ga mai ciwon dajin da ya bazu tare da gazawar gaɓoɓi rabon ya yi ƙasa da haka sosai. Ga saurayin da zuciyarsa ta tsaya kwatsam, wannan aiki rahama ne. Ga wanda ciwo ya riga ya cinye, sau da yawa abin da yake ƙarawa shi ne 'yan sa'o'i ko kwanaki a sume. Wannan umarni bai hana komai ba sai wannan abu ɗaya. Maganin kashe zafi, maganin ƙwayoyin cuta, iskar oksijin, wanka, juya shi a gado, duk suna nan. Idan kika ga an rage kula da shi saboda takardar, ki yi magana, kuskure ne. Ba a kuma rubuta ta a ɓoye: kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 2014 cewa wajibi ne a tuntuɓi mara lafiya, sai in tuntuɓar za ta cutar da shi.

Na san abin da ke damun yayanki, domin na ji shi daga bakin 'ya'ya da yawa: yana tsoron kada ya zama sun kashe mahaifinsu, ko sun yi masa rowar magani. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Ba wa mutum allurar da za ta kashe shi abu ne daban, laifi ne a mafi yawan ƙasashen duniya, ƙalilan ne irin su Holan da Beljiyam suka halatta shi tun 2002, kuma babu ɗaya daga takardun nan da ke neman haka. Abin da Baba ke cewa shi ne kada a tsaya tsakaninsa da ciwon da ya riga ya fi ƙarfin magani. Malaman addini ma sun daɗe da duba wannan. Fafaroma Pius na 12 ya bayyana a 1957 cewa ba wajibi ba ne a yi amfani da matakan da suka wuce ƙima don tsawaita rai. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Amman a 1986, ta yarda a cire na'urori daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Halin Baba bai kai nan ba, don haka idan yayanki yana son fatawa, ku je wurin malamin da ya amince da shi tare da bayanin likita a hannu, domin amsar malami tana rataye ne da abin da likita ya ce game da amfanin maganin.

Akwai kuma hanyar tsakiya da na ga tana haɗa kan iyalai: gwaji mai wa'adi. Baba zai iya rubuta cewa idan abin da ya same shi mai yiwuwar warkewa ne, a gwada na'ura na kwanaki kaza, idan babu ci gaba a cire a mayar da hankali kan sauƙaƙa masa. Wataƙila ya yarda da wannan, wataƙila ya ce a'a sam. Nasa ne.

Abin da zan so ki yi a makon nan shi ne ki nemi likitansa ya ware muku rabin awa, Baba da ke da yayanki, har da mahaifiyarku idan tana raye. Kada ke ki faɗi ra'ayin Baba, ki bar shi ya faɗa yayanki yana ji da kunnensa. Idan ya rasa ta inda zai fara, likita ya tambaye shi abin da ya fahimta game da ciwonsa, da abin da ba zai yarda ya rasa ba don ƙarin kwanaki. Bayan an rubuta an sa hannu, kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗinsa na asibiti, ɗaya wurin wakili, ɗaya wurin yayanki, ɗaya kuma a jakar da kuke ɗauka duk lokacin da za a kai shi asibiti, tare da katinsa da jerin magungunansa. Ki ɗauki hotonta a waya. Duk lokacin da aka sake kwantar da shi ko ciwon ya sauya, ku karanta masa ita, ku tambaye shi ko har yanzu haka yake so, ya sake sa hannu da kwanan wata a ƙasa.